“Magneto ya yi gaskiya?” Yadda littattafan zane na almara ke yi wa wanda aka zalunta hisabi

Idan an haifi mutum a cikin al'ummar da ake farauta saboda yadda Allah ya halicce ta, me ya kamace shi? Ya danne zuciya ya ci gaba da nuna wa maƙiyansa cewa shi ba abin tsoro ba ne, ko kuwa ya ce tura ta kai bango, ya rama? Wannan tambaya ce ta sake kunno kai a intanet a 2024, lokacin da kamfanin Disney ya saki shirin zane mai motsi na X-Men '97. A kashi na biyar an afka wa tsibirin Genosha ana tsakiyar biki, aka yi wa mazaunansa kisan kiyashi. Ba a jima ba wata tsohuwar jumla ta cika shafukan sada zumunta: Magneto ya yi gaskiya.

Magneto dai shi ne bos ɗin labarin, wanda ya daɗe yana cewa 'yan Adam ba za su taɓa barin irinsa su zauna lafiya ba. Masu mara masa baya da masu cewa wannan tallata ta'addanci ne sun kai ruwa rana, kuma kusan dukkansu sun jingina da magana ɗaya, wai Farfesa Xavier, jagoran X-Men mai wa'azin zaman tare da 'yan Adam, shi ne Martin Luther King, Magneto kuma Malcolm X, wato fitattun jagororin gwagwarmayar baƙaƙen Amurka biyu. Maganar tana da gyara, gyara mai yawa ma. A ganina kuma gardamar kanta a kan sikelin da aka riga aka danne wa gefe ɗaya ake yin ta.

Abin da ake magana a kai

Littattafan zane su ne labaran da ake bayarwa ta jerin hotunan da aka zana, maganar kowa a rubuce kusa da bakinsa. A Amurka manyan kamfanonin su ne Marvel da DC, Japan kuma tana da nata salon da ake kira manga. Na almara daga cikinsu su ne masu ƙirƙirar duniyar da babu ita, mai ɗauke da dodanni da mutanen teku da masu tashi sama.

A irin wannan duniya ba kasafai ake kiran wariyar launin fata da sunanta ba. Sai marubuci ya ƙirƙiri wata al'umma, ya ba ta alama a jiki, ya sa sauran mutane su tsane ta, mai karatu ya gane hannunka-mai-sanda ake yi masa. A X-Men al'ummar su ne waɗanda aka haifa da wani sauyi a ƙwayar halittarsu, wanda yakan bayyana lokacin balaga ya ba su iko na ban mamaki. A nan zan kira su masu baiwa.

Sarƙaƙiyar da masu sharhi ke yabawa kuwa ita ce labarin ya hana ka raba mutane gida biyu cikin sauƙi. Ka tarar da mai gaskiya a kokensa amma hanyarsa ta ɓaci, ko mai hanya tsarkakakkiya wadda ba ta ceci kowa ba. Sai dai ba duk labarin da ya bar ka cikin ruɗu ne mai zurfi ba. Wani ruɗun marubuci ne ya haɗa shi da gangan don kada ya amsa tambayar da shi da kansa ya tayar.

Yadda aka koma magana a kaikaice

A 1954, bayan wani zaman jin bahasi a majalisar dattawan Amurka kan zargin cewa littattafan zane na lalata tarbiyyar yara, kamfanonin suka kafa wa kansu hukumar tacewa. Cikin ƙa'idojinta akwai cewa dole alheri ya rinjayi sharri a kowane labari, kuma ba za a zana ɗan sanda ko alƙali ko jami'in gwamnati ta hanyar da za ta zubar da kwarjinin hukuma ba. A wannan shekarar ce Kotun Ƙolin ƙasar ta haramta raba makarantun farare da na baƙaƙe, kuma a jihohin kudu masu tsaron wariyar su ne 'yan sanda da alƙalai da gwamnoni. Ka ga an rufe ƙofar faɗin gaskiya kai tsaye ke nan.

Akwai wani gajeren labari da ya nuna inda iyakar take. Kamfanin EC ne ya fara buga shi a 1953. Wani ɗan sama jannati, jakadan tarayyar duniyoyi, ya sauka a duniyar da mutum-mutumi ke zaune don ya duba ko sun cancanci shiga tarayyar. Ya tarar da su kala biyu, masu ruwan goro da shuɗɗa. Masu ruwan goro ke da unguwanni masu kyau, shuɗɗan suna can gefen gari, ko a mota kujerar baya ce tasu. Ya shiga inda ake ƙera su, ya ga kayan cikin iri ɗaya ne, bambancin launin ɓawon waje ne da irin ilimin da ake ɗura wa kowane. Ya ce musu ba su kai ba tukuna. Duk tsawon labarin kansa na cikin hular kwano. Sai a zanen ƙarshe, bayan ya koma kumbonsa, ya cire hular. Baƙar fata ne, gumi na ƙyalli a fuskarsa.

Da kamfanin ya zo sake buga labarin a fitowar farkon 1956, shugaban hukumar tacewa, alƙali Charles Murphy, ya ce sai an sauya launin ɗan sama jannatin. Mai kamfanin, William Gaines, ya ce allambaran, aka buga shi yadda yake. Shuɗin mutum-mutumi bai dami hukuma ba, baƙin mutum ne ya dame ta, kuma marubutan da suka biyo baya sun ɗauki darasin.

A lura da wani abu a wannan labari, don za mu dawo kansa. Ba a tambayi shuɗɗan me ya kamata su yi ba. Masu wariyar aka tsayar a gaban shari'a.

Xavier da Magneto ba King da Malcolm ba ne

Stan Lee da Jack Kirby ne suka ƙirƙiri X-Men, fitowar farko tana ɗauke da watan Satumba 1963, dab da gangamin da King ya yi jawabi a Washington a ƙarshen Agusta. Wannan dacewar ce ta raini tatsuniyar. Amma wanda ya buɗe fitowar farko zai ga Magneto mai son mulkin duniya ne kawai. Ya ƙwace sansanin makamai masu linzami na soja, ba shi da tarihi, ba shi da tabo a zuciya. Ƙungiyar da ya kafa ma akwai kalmar mugaye a cikin sunanta. Ɗaliban Xavier biyar kuwa duk farare ne, suna zaune a katafaren gida a wajen birnin New York. Littafin bai yi kasuwa ba, a 1970 aka daina fitar da sababbin labarai.

Magneton da ake gardama a kansa yau aikin Chris Claremont ne, wanda ya karɓi rubutun a 1975 ya riƙe shi har 1991. A fitowa ta 150, a 1981, Magneto ya nutsar da jirgin yaƙin Tarayyar Sobiyat na ƙarƙashin teku da mutanen cikinsa, sannan cikin faɗa ya kusa kashe Kitty Pryde, yarinya Bayahudiya ɗalibar Xavier. Da ya ga abin da hannunsa ya aikata sai jikinsa ya mutu. A nan mai karatu ya ji cewa wannan mutum ya yi ƙuruciyarsa a Auschwitz, sansanin da 'yan Nazi suka karkashe Yahudawa, inda aka hallaka danginsa. Claremont ya faɗa a hirarraki cewa Menachem Begin ne ya zo masa a rai, mutumin da ya jagoranci ƙungiyar Irgun da ta tayar da bam a otal ɗin King David a 1946, daga baya ya zama firaministan Isra'ila, ya karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1978. Tambayar Claremont ke nan: me ke faruwa idan wanda ya tsira daga kisan kiyashi ya wayi gari da ƙarfi a hannunsa? Tambaya ce mai nauyi, amma daban take da ta baƙaƙen Amurka na 1963, waɗanda ko ƙuri'a ana hana su jefawa.

Kamancen yana kuma cin zarafin mutanen biyu. Malcolm X bai jagoranci kai wa kowa hari ba, bai nemi mallakar duniya ba. Abin da ya tsaya a kai shi ne wanda aka kai wa hari yana da haƙƙin kare kansa idan hukuma ta ƙi kare shi, kuma bayan aikin Hajjinsa a 1964 ya fito fili ya janye kuɗin goron da yake yi wa farar fata. King kuwa ba malamin da ke horar da yara su je su ceci masu ƙinsu don a so su ba ne. Mutum ne mai cika tituna da jama'a, mai jagorantar ƙaurace wa motocin haya, wanda aka tsare sau da dama, hukumar FBI na sauraron wayarsa. A wasiƙar da ya rubuta daga kurkukun Birmingham a 1963, zafin sukarsa ya sauka ne a kan fararen da ke cewa a bi a sannu. A 1956, bayan an jefa wa gidansa bam, ya nemi izinin riƙe bindiga aka hana shi. Ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup a 1966 ta nuna kusan kashi biyu cikin uku na Amurkawa ba sa ra'ayinsa. Sai da ya mutu ya zama na kowa.

Nelson Mandela ma, da ake buga misali da shi wajen yafiya, yana cikin waɗanda suka kafa reshen ANC, ƙungiyar yaƙi da wariya a Afirka ta Kudu, mai ɗauke da makamai a 1961, shekara guda bayan 'yan sanda sun kashe mutum 69 a Sharpeville. Mutum ɗaya ne ya yi duka biyun. Littafin zane ne ke bukatar ya tsaga shi biyu, ya sa wa kowane rabi tufafi daban don su yi dambe.

Inda kamancen ke yoyo

Babbar matsalar ita ce ƙarfi. Xavier yana iya shiga kan mutum ya karanta tunaninsa, ya goge, ya sauya. Ɗalibinsa Cyclops idan ya cire tabarau hasken idonsa na iya rushe gini. To idan ɗan majalisa a cikin labarin ya tashi ya ce a yi rajistar irin waɗannan mutane, mai karatu mai adalci zai ji ɗan ɗar, domin tsoron yana da tushe. Wariya ta gaskiya kuwa ƙirƙirar haɗarin take yi. Emmett Till baƙin yaro ne ɗan shekara 14 lokacin da farare suka kashe shi a Mississippi a 1955. Baƙaƙen mazauna unguwar Greenwood da farare suka ƙone a Tulsa a 1921 ba su da wani iko na ɓoye, shaguna da gidaje da coci-coci gare su. A zahiri makaman da kotunan da kurkukun suna hannun mai zalunci. Labarin da ya ba wanda ake zalunta ikon hallaka gari ya miƙa wa mai wariya hujjar da bai taɓa samu a duniya ba.

Inda abin ya fi muni shi ne manga ɗin Attack on Titan, wanda aka buga daga 2009 zuwa 2021. An zana al'ummar Eldiya da ƙyalle ɗaure a damtse, a killace a unguwa mai shinge, hoton da duk wanda ya san tarihin Yahudawan Turai zai gane nan take. Amma a cikin labarin jininsu da gaske yana iya mayar da su dodanni masu cin mutane, kakanninsu da gaske sun mulki duniya da zalunci, kuma a ƙarshe ɗaya daga cikinsu ya hallaka kashi 80 cikin 100 na 'yan Adam. Masu kare labarin suna cewa gargaɗi ne kan yadda ƙiyayya ke haifar da abin da take tsoro. Na ji wannan. Amma idan ka ari hoton mutanen da aka yi wa ƙage, sannan ka mayar da ƙagen gaskiya, jirwaye ne mai kamar wanka.

Masu goyon bayan salon hannunka-mai-sanda suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Sassaucin kamancen ne ya sa mutane iri-iri suka ga kansu a ciki: Bayahude, baƙar fata, baƙon haure, mai naƙasa. Da aka ƙirƙiri Genosha a 1988 kowa ya gane Afirka ta Kudu ake nufi. Da aka kawo wata cuta mai kashe masu baiwa a 1993, an gane ƙanjamau ne. Sannan ba duk masu baiwa ne ke da ƙarfi ba. Akwai waɗanda sauyin ya ɓata wa siffa kawai, suna ɓoye a ramukan ƙarƙashin New York, yayin da kyawawan da za su iya sajewa da jama'a ke kwana a katafaren gidan Xavier. A 1986 aka bi su ramukan aka karkashe. Wannan ɓangaren na labarin ya fi kusa da gaskiya, don ko a cikin waɗanda ake zalunta akwai mai gata da marar gata, kuma mai kiran a yi haƙuri sau da yawa shi ne wanda ruwan bai ci ba.

An dake ka, an hana ka kuka

Ga dabarar da nake cewa an danne sikeli da ita. Marubuci zai ba mai fushi magana mai ƙarfi, ya bar shi ya faɗi gaskiyar da jarumin ba zai iya musawa ba. Idan ya ga mai karatu ya fara gyaɗa kai, sai ya sa shi ya kashe wanda bai ji ba bai gani ba. Shi ke nan an huta da amsa hujjarsa, an koma maganar halinsa.

Fim ɗin Black Panther na 2018, wanda aka ɗauko daga littattafan Marvel, ya yi wannan a fili. Killmonger, bos ɗin fim ɗin, ya tsaya a gidan tarihi a Landan yana tambayar ma'aikaciyar yadda kakanninta suka samo kayan Afirka da ke cikin gilashi. Ya tuhumi Wakanda, ƙasar Afirka mai ƙarfi da aka ƙirƙira a labarin, da naɗe hannu tana kallo ana bautar da baƙaƙe. Babu wanda ya iya ba shi amsa. Sai aka sa ya harbe budurwarsa, ya shaƙe wata dattijuwa, ya shirya aika makamai duniya. Jami'in CIA kuwa yana ɓangaren jarumai. Abin da ya rage daga kokensa a ƙarshe shi ne cibiyar taimakon matasa a Oakland da jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya.

An yi wa Magneto wanda ya fi wannan. A 2001 marubuci Grant Morrison ya sa mutum-mutumin yaƙi suka hallaka masu baiwa miliyan 16 a Genosha, kuma a zamaninsa ne jumlar “Magneto ya yi gaskiya” ta bayyana a rigar wani ɗalibi. Bayan shekara biyu sai ga Magneto ya mamaye New York yana kora mutane zuwa wuraren ƙone gawa. Wanda ya tsira daga Auschwitz ke nan aka mayar mai gina irinta. Kamfanin Marvel da kansa bai iya haɗiye wannan ba, daga baya aka ce ai wani ne ya yi shigar burtu da kamanninsa.

Ba ina cewa wanda aka zalunta ba ya zama azzalumi ba. Yana zama, tarihi cike yake da misalai. Abin dubawa shi ne yawan maimaita salon, har ya zama duk mai fushi ƙarshensa kisan kare dangi, kuma tsarin da ya haifi fushin ya sulale ta ƙofar baya ba a tuhume shi ba.

Labarai biyu da suka motsa sikelin

A One Piece na Eiichiro Oda akwai mutanen teku, waɗanda masu mulkin duniya ke saya da sayarwa a kasuwar bayi. Fisher Tiger ya hau birnin masu mulkin shi kaɗai ya saki bayi, ba tare da ya tambayi jinsin kowa ba. Ya kafa ayarin jirgin ruwa, ya sa aka ɗora tambarin rana a kan tambarin bauta da aka ƙona musu a jiki, don kada a gane wane ne tsohon bawa. Ya hana mutanensa kashe ɗan Adam. Wata rana ya mayar da wata yarinya 'yar Adam, tsohuwar baiwa, garinsu, aka yi masa kwanton ɓauna a hanyar dawowa. Yana kwance jini na zuba, jinin da zai dace da shi a jirgin na ɗan Adam ne. Ya ƙi a ƙara masa. Ya gaya wa mutanensa yana kuka cewa shi ma an taɓa bautar da shi, ya san zaman lafiya ne daidai, amma zuciyarsa ta kasa son mutanen nan, kuma kada a gadar wa yara wannan ƙiyayyar. A haka ya cika.

Ban san wurin da ya fi wannan gaskiya a littattafan zane ba. Mutumin ya san daidai, ya aikata daidai, jikinsa ya ƙi bin sa. Labarin bai zarge shi ba, bai kuma mayar da shi waliyyi ba. Maganar jinin ma ba daga sama ta faɗo ba, don a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ƙungiyar Red Cross ta Amurka tana ware jinin baƙaƙe daga na farare. Daga baya labarin ya kawo Hody, wanda ya kashe sarauniyarsu mai tara sa hannun jama'a don neman sulhu. Da aka tambaye shi me 'yan Adam suka yi masa, ya ce ba komai, ƙiyayyar ya tarar a unguwa ya sha. Wasu na ganin a nan ma an juya laifin kan waɗanda aka zalunta. Da sauƙi dai, tunda mai karatu ya riga ya ga kasuwar bayin tana ci da idonsa.

Na biyun shi ne Fullmetal Alchemist na Hiromu Arakawa. Gwamnatin soja ta shafe al'ummar Ishbal, mutane masu duhun fata da jan ido, waɗanda ba su da wani iko na musamman. Wani da ya tsira, Scar, yana bin masanan sojan da suka yi aikin yana kashewa. Ya kuma kashe likitoci biyu, mata da miji, da suka yi jinyarsa. Da 'yarsu ta same shi da rauni sai ta ɗaure masa raunin, ta gaya masa a fuska cewa ba ta yafe ba. Abin da ya bambanta labarin shi ne masu kisan kiyashin suna cikin jaruman da mai karatu ke so. Roy Mustang ya ƙona mutane da hannunsa, kuma shi da mataimakiyarsa sun san cewa idan suka yi nasarar mayar da mulki hannun farar hula, su ma kotu na jiran su. Nauyin tambayar ya koma wuyan wanda ya aikata, kamar a labarin shuɗɗan mutum-mutumi. Raunin da na gani shi ne an ce wasu halittu ne a ɓoye suka kitsa yaƙin, abin da ke ɗan rage wa ɗan Adam laifi.

Wa ke riƙe da alƙalamin

Shekaru da dama yawancin masu rubuta waɗannan labarai a Amurka farare ne. Da baƙaƙen marubuta suka samu fili sai tambayar ta sauya kama. A 1993 Dwayne McDuffie da abokansa suka kafa kamfanin Milestone. Jaruminsu Icon baƙo ne daga wata duniya da ya faɗo gonar auduga a 1839, wata baiwa ta raine shi, ya rayu har ya zama hamshaƙin lauya mai ra'ayin kowa tasa ta fisshe shi. Wata yarinya daga unguwar talakawa ce ta tsaya masa a wuya, tana tambayarsa amfanin ƙarfinsa. Gardama ce tsakanin baƙi da baƙi, kan aji da shekaru da alhaki, babu mai shirin hallaka duniya a cikinsu. A 2003 kuma Robert Morales da Kyle Baker suka rubuta cewa an gwada maganin ƙarfin da ya samar da jarumi Captain America a jikin baƙaƙen sojoji, suna ishara ga binciken Tuskegee, inda daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiyar Amurka ta bar ɗaruruwan baƙaƙe da ciwon tunjere ba magani don ta ga yadda cutar ke ci. A nan ba a bukaci shuɗin fenti ba.

Abin da ya shafi mai karatu

Wani zai ce labarin yara ne, me ya yi zafi. Amma waɗannan labarai sun zama finafinan da ake kallo a ko'ina, Black Panther kaɗai ya tara fiye da dala biliyan ɗaya. Yaro yakan san Xavier da Magneto kafin ya san King da Malcolm, sai ya zo ga tarihin da ma'aunin da ya riga ya saba da shi: akwai mai koke na kirki da mai koke mugu, aikina in tantance su.

Ana ganin tasirin irin wannan tunani duk lokacin da jama'a suka fito zanga-zanga. Bayan kisan George Floyd a Minneapolis a watan Mayun 2020, ƙungiyar ACLED mai tattara bayanan rikice-rikice ta gano cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na zanga-zangar da aka yi a Amurka an yi su ba tare da tashin hankali ba. Duk da haka muhawara mai yawa ta karkata ga shagunan da aka fasa. Ba littafin zane ne ya ƙirƙiro wannan ɗabi'a ba, ya dai tarar da ita ya yi mata ado. Amfaninsu kuma yana nan. Matashin da ake tsangwama a makaranta saboda launinsa ko lafazinsa yakan fara samun sunan abin da ke damunsa a irin waɗannan shafuka, kuma wanda bai taɓa ɗanɗana wariya ba yakan shiga rigar wani na ɗan lokaci.

Labarin da ba a so ya ƙare

Akwai dalili na ƙarshe da ya sa Magneto ke kama da mai gaskiya, kuma na kasuwa ne. Manga yana da marubuci ɗaya, yana iya kai labarinsa ƙarshe. X-Men kuwa dukiyar kamfani ce, dole wata mai zuwa a fitar da sabuwar fitowa, kuma abin da ake sayarwa shi ne jaruman da duniya ke ƙi. Ranar da mafarkin Xavier ya tabbata, ranar ciniki ya tsaya. Don haka shekara sittin ke nan yana wa'azin zaman tare, marubuta suna aiko masa da sabon kisan kiyashi duk bayan 'yan shekaru. Mai karatun da ya ƙirga gawarwakin ya ce Magneto ya yi gaskiya bai yi kuskuren lissafi ba, sai dai alƙaluman ofishin edita ne ya rubuta su.

A 2019 marubuci Jonathan Hickman ya gwada fita daga wannan zagaye. Xavier da Magneto suka haɗa kai suka kafa ƙasar masu baiwa a tsibirin Krakoa, suka ce wa duniya ga magunguna, ku amince da 'yancinmu. Nan da nan sababbin tambayoyi suka taso, irin na masu mulki: an yi wa tsofaffin makasa afuwa an ba su kujera a majalisa, an kafa hukumar leƙen asiri, an haƙa ramin jefa masu laifi. A 2023 maƙiya suka afka musu ana tsakiyar biki. A 2024 aka rufe babin Krakoa, aka sake fitar da littattafan daga fitowa ta ɗaya, masu baiwa sun watsu cikin duniya, ana farautarsu.